Yadda za ka kwana a otal mai araha a tsakiyar gari ba tare da ka yi nadama ba

Abu na farko dai, kar ka biya sai ka ga ɗakin da idonka, hoton intanet yakan ruɗi mutum wallahi. Ka ce wa na risefshan ya kai ka, in ya fara kame-kame to ka kama gabanka.

Kana shiga ka ɗaga zanin gado, ka haska tocilan ɗin wayarka a ɗinkin katifa da bayan allon gado, nan kuɗin cizo ke ɓuya, in ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe kar ma ka ajiye jakarka, don bin kaya suke har gida kuma raba su da gida wahala ce ba ƙarama ba. Ni wannan shi na fi damuwa da shi. Sai ka kunna famfo, ka gwada soket da cajarka, ka duba ko ƙofa na da sakata ta ciki.

Tunda tsakiyar gari ne hayaniya dole ce, ka nemi ɗakin baya wanda tagarsa ba ta kallon titi, hawa na biyu ko na uku ya fi, sannan ka gane inda matakalar fita take saboda gobara.

Yawanci ƙarfe 2 na rana ake ba da ɗaki, a fita ƙarfe 11 ko 12, ka tambaya tun farko kar a caje ka ƙari. Ka karɓi rasit. Wifi ɗinsu kuma kar ka buɗe manhajar banki da shi, datarka ta fi.