Darasi na Bakwai: Ninka Lambobi Masu Tushe Ɗaya

Duk wanda ya taɓa cinikin wake ko masara a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ya san bandir ɗaya na 'yan dubu-dubu takarda 100 ne, kuɗinsa kuwa naira 100,000. Ba sai an ba shi alƙalami ba. To, lissafin yau daga nan zai tashi.

Ɗari dai 10 × 10 ne. A taƙaice ana rubuta shi 10². Dubu kuwa 10 × 10 × 10, wato 10³. Babbar lambar ita ce tushe. 'Yar ƙaramar da ke samanta tana faɗa mana goma nawa aka jera ana ninkawa.

Yanzu ku dubi bandir ɗin nan, takarda 100 sau naira 1,000:

10² × 10³ = 10 × 10 × 10 × 10 × 10 = 10⁵

Ku ɗora yatsa ku ƙirga goma-goman. Biyu daga ɗari, uku daga dubu, sun zama biyar. Shi ya sa 100,000 take da sifili biyar. Ƙa'idar ke nan: in tushe ɗaya ne, a bar shi yadda yake, a tara ƙananan lambobin sama.

A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, don haka mu ɗan tsaya. Da an ga alamar sau, hannu yakan yi saurin ninka na sama su ma. Ku gwada da 2³ × 2². Na farko 8 ne, na biyu 4, kuma 8 sau 4 ya ba da 32, wato 2⁵. Wanda ya ninka 3 da 2 zai rubuta 2⁶, ya sami 64. Ya ruɓanya amsa ke nan, kuma a ciniki wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ni na fi son ku riƙa baje lambobin a kan takarda, kuna ƙirgawa, har hannu ya saba. Haddar da ba a gane ba takan gudu kafin mako ya zagayo.

A aljabara harafi yakan tsaya a madadin lamba, ƙa'idar ba ta canzawa: a³ × a⁴ = a⁷. Harafin da ba a rubuta komai a samansa ba, 1 yake ɗauke da shi, saboda haka a × a⁵ = a⁶.

In tushe ya bambanta fa, kamar 2³ × 3², babu batun tarawa. Sai a fitar da kowanne daban: 8 × 9 = 72.

Aikin gida

1. 5² × 5⁴
2. b⁶ × b
3. 3² × 2²
4. Wani dillali ya karɓi bandir 10 na 'yan dubu-dubu. Ku rubuta kuɗin da tushe 10, sannan ku faɗi nawa ne.