Abin da nake dubawa in kyamara ta sare a tsakiyar ɗaukar hoto a jere

Ranar hawan Sallah ina tsaye kusa da fadar Sarkin Musulmi, mahaya sun sako dawaki a guje, na danne maɓalli. Kyamarar ta yi rat-tat-tat, sai ta koma ɗaya bayan ɗaya kamar mai daka ta gaji. Lokacin da suka ja linzami suka ɗaga hannu, wato hoton da na zo nema, jar fitilar katin ajiyar hotuna ce kawai ke walƙiya. Na koma gida zuciyata a ɓace, ina zaton kyamarar ta lalace. Ashe lafiyarta lau.

Ga yadda abin yake. Hoto ba ya wucewa kai tsaye cikin kati. Yana fara sauka a wata 'yar ma'ajiya ta wucin gadi da ke cikin kyamarar, wadda muke ce wa bafa. Kamar mazurari ne a bakin jarka: in kana zuba mai da sauri fiye da yadda yake tsiyaya, dole ka dakata. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na kyamara mai megafiksil 24 yakan kai wajen megabait 25. In tana ɗaukar goma a daƙiƙa, megabait 250 ke nan, alhali katin da aka rubuta wa V30 alƙawarinsa megabait 30 ne kawai a daƙiƙa.

Saboda haka kati nake fara dubawa. Babbar lambar da ke gabansa, irin su 170MB/s, saurin karantawa ce, wato kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Ba ita ta dame mu ba. Nemi V30, V60 ko V90, su ne ke nuna mafi ƙarancin saurin rubutawa. Sai ka juya bayansa: layi ɗaya na haƙoran ƙarfe UHS-I ne, layi biyu UHS-II. Amma kafin ka zuba kuɗi kan mai layi biyu, tabbatar ramin kyamararka yana karɓar wannan saurin. In ba haka ba, zai yi aiki da saurin UHS-I, kuɗinka ya tafi a banza.

Nawa katin, wanda na saya a wani shago saboda araha, jabu ne. Da agogon waya na gane. Na danne maɓalli har kyamarar ta sare, na ɗaga yatsa, na ƙirga tsawon lokacin da jar fitilar ta ɗauka kafin ta mutu. Na ari katin wani abokin sana'a mai irin lambar nawa, nashi bai ci rabin lokacin ba. Wannan gwajin ya fi duk wata rantsuwar mai shago. Ka kwashe hotunanka, ka yi wa katin fomat a cikin kyamarar kanta kafin ka gwada.

In kyamararka mai rami biyu ce, kuma ka sa ta ajiye kowane hoto a katunan biyu, katin da ya fi rashin sauri shi zai ja linzamin. A wurin biki ina yarda da wannan jinkirin, don hoton amarya ba ya maimaituwa. A filin kokawa kuwa kati ɗaya mai sauri nake sawa.

Sai nauyin hoton. RAW haɗe da JPEG ya fi komai saurin cika bafa. Koma RAW matsattse, wanda Canon ke kira C-RAW. A Nikon kana iya sauko da saitin RAW daga bit 14 zuwa 12 don rage nauyinsa. In aikin na Facebook ne, JPEG kaɗai ya wadatar. Ka kuma sani, ISO, wato saitin da ake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci, in ya yi yawa yana ƙara wa hoto nauyi, shi ya sa bafa ke saurin cika bayan Magariba.

Akwai kuma wata matsalar daban: kyamara ta ƙi sauri tun daga hoton farko. Wannan ba laifin kati ba ne. Duba ko tana kan jeri mai sauri ne ko mai tafiyar hawainiya. Duba shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto, domin in tana kan 1/8 na daƙiƙa babu yadda za a yi hoto goma ya fita a daƙiƙa. Ga doki a guje ni 1/1000 nake sawa. In an saita ta kan sai fokas ya zauna kafin ta ɗauka, za ta riƙa jinkiri, balle cikin ƙurar hunturu da kofato ya tayar. Saitin kauce wa ƙiftawar fitila shi ma yana rage gudu, ka kashe shi in kana waje da rana. Wasu kyamarorin kuma suna sassautawa in batir ya yi ƙasa, sai ka sa cikakke kafin taro. Zafin Afrilu na Sakkwato, da yakan haura digiri 40, ba ya raga wa na'ura. Ina lulluɓe tawa da farin ƙyalle in ina jira.

Don Allah kada ka buɗe murfin kati ko ka zare batir muddin jar fitilar nan tana ci. Abin da ke cikin bafa bai shiga kati ba tukuna.

Sallar da ta biyo baya na koma wurin da sabon kati mai V60. Ban danna ba sai da dawakin suka matso, na riƙa ɗaukar biyar, shida, in saki, in sake dannawa. Da suka ja linzami bafa tana da sauran wuri.