Shawara ga masu son hawan keke a yankin Verdon

Jama'a, duk mai niyyar kai kekensa yankin Verdon a kudancin Faransa, ya fara da hanyoyin kewayen tafkin Sainte-Croix kafin ya tunkari tsaunuka. Kwazazzabon kogin Verdon da ke yankin ya kai zurfin mita 700 a wasu wurare, gangaren kuma duk tsakuwa, don haka a gyara birki tun daga gida. Ku lura da launin alamar hanya: kore da shuɗi na masu koyo ne, ja sai wanda ya goge, baƙi kuwa ni dai ba na kusantarsa. A watannin Yuli da Agusta hukuma kan rufe dazuzzuka idan ana fargabar gobara, sai ku bincika tun da daddare. Ku cika gora biyu da ruwa, ƙauyukan da tazara. Lambar gaggawa 112.