Yadda za a yi wa Kogin Haɗejiya gangami da wayar hannu

Duk mai son jawo hankalin jama'a da hukuma kan halin da Kogin Haɗejiya yake ciki, ya kamata ya fahimci tushen matsalar kafin ya ɗauki hoto ko ɗaya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a jihar Kano, a kan kogunan da suke zuba cikin Kogin Haɗejiya, ruwan da a da yake malala da damina ya janye da rani ya koma gudana kusan duk shekara, kuma hakan ne ya ba ciyawar kachalla damar yaɗuwa har ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru. Wasu gonakin sun nutse, wasu kuma ruwan ya daina kai musu, masunta sun rasa hanyar kwalekwale, tsuntsayen jan-baki sun sami mafaka suna cinye hatsi. Wanda ya san wannan ba zai tsaya ga rubuta "a ceci koginmu" ba, zai nuna mashigar da ta toshe, ya ambaci ƙauyen da abin ya shafa.

Saboda haka a zaɓi wuri guda, a kuma tsaya a kansa. A sami wata alama da ba ta gusawa, kamar gada ko babbar bishiya, a riƙa ɗaukar hoto daga nan kowane wata ana fuskantar gefe ɗaya. A ganina wannan ne aikin da ya fi kowanne amfani, domin hoto guda ana iya musanta shi, amma jerin hotunan wuri ɗaya daga rani zuwa kaka shaida ce mai wuyar turewa. A kunna alamar wuri a kyamarar waya domin hoton ya ɗauki kwanan wata da inda aka ɗauke shi. A kuma lura cewa WhatsApp yana goge waɗannan bayanai idan aka tura hoto yadda aka saba, don haka a tura shi a matsayin takarda (wato "Document"), a ajiye na asali a kwamfuta. Manhajar Google Earth tana nuna tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam, kuma da su za a iya kwatanta yadda wurin yake shekarun baya da yadda ya zama yanzu.

Idan an zo kan bidiyo, murya ta fi hoto muhimmanci. A bar masunci ko manomin shinkafa ko makiyayi ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, bayan an nemi izininsa an kuma gaya masa inda za a sa maganar. Kafin haka ma a gaida mai gari da sarkin ruwa, domin ba a shiga gari da kyamara ba tare da sallama ba. Iska tana da ƙarfi a bakin kogi, saboda haka a matso da waya kusa da mai magana, a juya wa iskar baya. Minti ɗaya ko biyu ya isa, tunda data tana da tsada kuma sabis yana da rauni a ƙauyuka da yawa.

Facebook da TikTok suna kai saƙo birni, amma mutanen bakin kogi saƙon murya da rediyo suka fi kai wa gare su, don haka a ciro muryar daga bidiyon a miƙa wa gidajen rediyo. Ranar 2 ga Fabrairu, wadda ita ce ranar fadamu ta duniya, dama ce mai kyau, musamman da yake an sanya wani ɓangare na waɗannan fadamu cikin jerin yarjejeniyar Ramsar, ta kare fadamu masu muhimmanci a duniya, tun 2000.

Kowane saƙo ya ƙare da buƙata guda da kuma wanda ake nema ya biya ta, misali a nemi Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta yashe wata mashiga kafin faɗuwar damina. A haɗa da takardar neman bayani a rubuce, domin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomin tarayya kwana bakwai su amsa irin wannan takarda. Kada a yi amfani da hoton ambaliyar wata ƙasa, ko da ya fi tayar da hankali, kuma kada a bari maganar ta koma zargi tsakanin manoma da makiyaya ko tsakanin mutanen Kano da na Yobe, tunda ruwa ɗaya suke sha. Idan mutanen gari sun fito aikin gayya na yankan kachalla, a ɗauki wannan ma a yaɗa, tare da faɗin kayan aikin da suka rasa da kuma ranar da za su sake fitowa.