Yadda ake karanta tambarin maƙera a banatin ado na 'yan kwana-kwanan Jamus na zamanin yaƙi

Duk wanda ya fara tara tsofaffin wuƙaƙen Jamus na zamanin mulkin Nazi, shekarun 1933 zuwa 1945, zai ga cewa banatin 'yan kwana-kwana, wato wuƙarsu mai siffar wadda soja ke maƙalawa a bakin bindiga, yana cikin waɗanda suka fi sauƙin samu kuma kuɗinsa bai kai na yawancin sauran ba, shi ya sa da yawa da shi suke farawa, kuma a nan ne ake fara cutar mutum. Abin da zan yi bayani shi ne yadda za ka nemo tambarin maƙerin, ka gane na wane gida ne, sannan ka gwada shi da jikin wuƙar ka ga ko sun dace. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci wallahi, don tambari shi kaɗai ba ya wanke wuƙa.

Da farko tabbatar abin da ke hannunka na kwana-kwana ne. Dubi ƙarfen nan da ya gitta tsakanin mariƙi da ruwan wuƙar. Na kwana-kwana yana da hannu biyu, ɗaya ya lanƙwasa sama ɗaya ƙasa kamar harafin S, na sojan ƙasa kuwa hannu ɗaya ne. Sannan juya bayan mariƙin. Na soja yana da tsaga da maɓalli na maƙalawa a bindiga, na kwana-kwana a shafe yake sumul, babu tsaga babu maɓalli, tunda ba a yi shi don hawa bindiga ba, ado ne na fareti da fita cikin kaki. Mariƙin baƙi ne mai zanen dara-dara da ƙusa biyu, kuben baƙin ƙarfe ne mai fenti. Akwai dogo mai ruwa wajen santimita 25, akwai gajere wajen santimita 20, wasu kuma da haƙoran zarto a gadon baya, waɗannan sun fi tsada.

To ina tambarin yake? A gindin ruwan, wurin nan mai faɗi da ba shi da kaifi daf da ƙarfen gitta, galibi a ɓangaren baya wanda ke kallon jikin mai ɗaurawa. Akwai 'yar fata ko ƙyalle da ake sakawa a wurin don kar bakin kube ya riƙa bugun ƙarfe, wani lokaci ita ke rufe rabin tambarin. Kar ka ciro ta. Fatar da ta shekara 80 a bushe take, kana ja za ta ɓalle. Sa tsinken sakace ka ɗan tura ta a hankali iya yadda za ka ga haruffan. Ni yadda nake yi, in kashe fitilar ɗaki in kwantar da wuƙar a kan tawul, in haska tocilan waya daga gefe, hasken ya kwanta a kan ƙarfen ba ya sauko daga sama ba, sai ka ga layukan da ba ka gani da rana sun taso da inuwarsu. Ɗauki hoto a haka ka buɗa shi a waya, ya fi ka yi ta matse ido.

Kusan dukkansu a garin Solingen aka ƙera su, garin maƙeran wuƙa da takobi na Jamus tun ɗaruruwan shekaru, kuma kowane gida da alamarsa, yawanci dabba ko wani abu da ido zai riƙe. Kurege na gidan Carl Eickhorn ne, gidan da aka kafa a 1865. Kan jarumi cikin kwalkwali da WKC a ƙasa na Weyersberg, Kirschbaum ne, gidaje biyu da suka haɗe a 1883. Sikeli na Alexander Coppel ne wanda ya koma Alcoso. Tsuntsaye biyu masu dogayen ƙafafu sun haɗa baki, Robert Klaas. Ma'aunin zafi, F.W. Höller. Maciji ya nannaɗe kututture, Emil Voos. Maƙeri riƙe da guduma, E. Pack. Kambi a kan harafin Z, Clemen & Jung. Akwai Puma da Tiger, duka na dangin Lauterjung ne amma kamfanoni ne daban, kar ka haɗa su. Haka sunan Krebs, in kambi ne a kan K na Carl Julius Krebs ne, in kuwa dabbar ruwa ce mai ƙahonni irin ƙaguwa na Peter Daniel Krebs ne. Paul Weyersberg ma ba WKC ba ne duk da sunan ya zo ɗaya, nasa takobi ne a tsakiyar zobe.

Kuregen Eickhorn ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne yake gaya maka zamani. Masu tarawa sun raba shi kamar haka: daga 1933 zuwa 1935 kuregen yana zaune cikin zobe biyu masu siffar ƙwai da sunan kamfani a kewaye. Daga 1935 zuwa 1941 zoben ya tafi, kuregen na riƙe da takobi, an rubuta Original a samansa, Eickhorn da Solingen a ƙasa, wannan shi za ka fi cin karo da shi. Daga wajen 1941 sai kuregen ya waiwaya yana kallon bayan kafaɗarsa. To kaga in aka kawo maka wuƙa da kurege mai waiwaye amma mai sayarwa na rantsuwa cewa ta farkon zamanin ce, ka san akwai gyara a maganar.

Sikelin Coppel shi ma yana sauyawa, amma labarinsa mai nauyi ne kuma ina ganin duk wanda zai riƙe wuƙar ya kamata ya san shi. Dangin Coppel Yahudawa ne na Solingen. Tambarin farko sikeli ne da haruffan ACS. A 1936 gwamnatin Nazi ta sa aka raba su da kamfaninsu, sunan Alcoso ya maye gurbin sunan dangin, da farko da manyan haruffa a kan sikelin, daga baya da rubutun hannu mai jirge, a ƙarshe ma aka mai da haruffan sikelin AWS, har C ɗin Coppel ta fita. Shi Alexander Coppel an kai shi sansanin tsare Yahudawa na Theresienstadt a 1942, can ya rasu. Duk sanda na juya wuƙa na ga sikelin nan babu C sai jikina ya yi sanyi. Kayan nan shaidar tarihi ne na gwamnatin da ta yi wannan ta'asa, da wannan ido nake riƙe su.

Yanzu abin da ke rikita sababbi. Za ka ga suna da gari wanda ba Solingen ba, babu dabba babu komai. Wannan yawanci ba maƙeri ba ne, shagon sayar da kaki da kayan kwana-kwana ne da ya yi odar wuƙaƙe a Solingen aka buga masa sunansa. Wani lokaci za ka ga biyun, maƙeri a gefe ɗaya shago a ɗayan. Wasu kuma Solingen kawai aka rubuta, wasu babu komai sam, kuma gangariya ne, rashin tambari ba aibi ba ne a wannan nau'in, farashi ne kawai yake raguwa. In ka ga Ges. Gesch. shi ma ba sunan kowa ba ne, yana nufin doka ta kare zanen. Lambobi da haruffa da aka buga a ƙarfen gitta ko kube kuwa galibi na rundunar garin ne da ta mallaki wuƙar.

Sai abin da bai kamata ka gani ba. Dokar 23 ga Nuwamba 1938 ta mai da 'yan kwana-kwanan manyan birane ɓangaren 'yan sanda, ana kiransu Feuerschutzpolizei, amma ba reshen jam'iyyar Nazi ba ne, don haka alamar RZM, ofishin jam'iyyar mai kula da kaki da kayanta, da lambar M7 da ake gani a wuƙaƙen SA, dakarun jam'iyyar, da na matasan Hitler ba ta da hurumi a nan. Haka lambobin sirri na haruffa uku, cof na Eickhorn, asw na Hörster, cvl na WKC, na banatin yaƙi ne da soja ke karɓa da hatimin dubawa. Banatin ado daga katalog ake saye. In ka ga irin waɗannan a kan mai S ɗin nan, ajiye shi, wani ne ya ƙara don kuɗin ya hau.

Tambari iri biyu ne, na bugawa da na ci da ruwan asid. Na bugawa an buga shi ne kafin a yi wa ruwan wuƙar wankan nikel, saboda haka cikin haruffan ma yana sheƙi kamar sauran jikin kuma gefensu a kwance yake. Wanda aka buga daga baya za ka ga bakin haruffan ya tashi, nikel ɗin ya tsattsage a kewaye, in ka shafa farce yana kamawa. Na asid kuma launinsa toka-toka ne, layukan a tsabtace, gashin jelar kurege ɗaya bayan ɗaya. Na jabu yakan yi dishi-dishi kamar hoton da aka kwafa daga hoto, ko ya yi baƙi ƙirin a kan ruwan da duk ya sha jiki, ka tambayi kanka yaya aka yi komai ya tsufa ban da tambari.

Ni ma an taɓa yi min. Na sayi wata a wajen wani dillali ta intanet saboda rubutun da ke jikinta, taken 'yan kwana-kwanan Jamus, Gott zur Ehr, dem Nächsten zur Wehr, wato don girman Allah da kare maƙwabci. Da ta iso na haska ta sai na ga zanen ya bi ta kan wasu ƙananan ramukan tsatsa, ma'ana tsatsar ta riga zanen. Wuƙar ta gaskiya ce, tambarin ma na gaskiya, rubutun ne aka ƙara bayan yaƙi, kuma kuɗin rubutun na biya. Ya yi min ciwo sosai. Tun daga nan ba na sayen komai sai an turo min hoton gindin ruwan ta ɓangarori biyu, da na bayan mariƙi, da na ƙusoshin.

Ƙusoshin nan ka dube su da kyau, in kansu ya daddauje ko an yi musu sabon goge to an buɗe mariƙin, mai yiwuwa an sauya ruwa. Sa mayen ƙarfe a ɓangaren ƙarfe na mariƙin. Na farko-farko ƙarfe ne mai wankan nikel mai kauri, yana kamawa kuma yana da nauyi a hannu. Da yaƙi ya ci kayan aiki sai aka koma zinki da ƙarafa masu arha, wankan ya yi siriri yana kumbura yana ɓarewa. Tsohon tambari mai zobe biyu a kan mariƙin zinki abin tsayawa a sake dubawa ne, duk da dai masana'antu kan yi amfani da ragowar tsofaffin ruwan da ke sito, don haka kar ka yanke hukunci da abu ɗaya.

Don Allah kar ka goge. Ba sanfefa, ba man goge ƙarfe mai ci, tambarin asid ba shi da zurfi, guga biyu uku ya tafi kuma ba ya dawowa. Tsumma mai laushi da ɗan kakin shafawa na adana kayan tarihi sun isa, ka kuma raba wuƙar da fatar ratayawa in wurin ajiyarka na da laima. In kuma za ka saya daga Jamus ko ka aika can, ka sani dokarsu ta hana baje alamomin Nazi a fili, shi ya sa dillalansu ke rufe alamar a hoto in akwai ta a zanen ruwan, sai ka nemi su turo maka hoton wurin a buɗe kafin ka biya.