Yadda Ake Samun Hoton 4K Na Gaskiya A Kano Kafin A Zuba Kuɗi A Akwati

Duk wanda ya ratsa shagunan kayan wuta na Sabon Gari a 'yan shekarun nan zai ga cewa kusan kowane kwalin babbar talabijin an lafta masa tambarin 4K ko UHD, kuma mai shago ba zai bar ka ka fita ba sai ya kunna maka hoton wani tsuntsu wanda kake iya ƙirga gashin fiffikensa. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, wannan hoton an tanade shi ne domin talla, daga cikin akwatin ko daga filashi yake fitowa, ba shi ne za ka tarar ba idan ka je gida ka jona da dikodarka. Sha'anin kamar na ruwan famfo ne: komai girman randar da ka saya, abin da bututu ya kawo shi za ka sha. Saboda haka lissafin yana farawa ne daga abin da za ka kalla, akwatin kuma shi ne na ƙarshe.

Hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera. A tsarin Full HD akwai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai, a 4K kuwa akwai 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wanda ya haura miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar wannan tsari a 2012, Netflix ta fara nuna shi ta intanet a 2014, Koriya ta Kudu ta fara watsa shi ta eriya a 2017, tashar NHK ta Japan kuma ta buɗe tashar 8K, tsarin da ya fi 4K yawan ɗigo, a Disamban 2018. Mu a nan, sauya watsa shirye-shirye zuwa tsarin dijital, wanda aka fara gwajinsa a Jos a 2016, sai a 2021 aka ƙaddamar da shi a Kano, kuma wannan sauyin bai mayar da tashoshinmu 4K ba. Idan abin da iyalinka suke kallo shi ne labaran NTA da ARTV da wasannin kwaikwayo na Arewa24, akwatin 4K ba zai ƙara musu ɗigo ko ɗaya ba. Iyakacinsa ya shimfiɗa ƙaramin hoton ya cika fuskarsa, ya kintaci abin da babu.

Na ga wannan da idona a gidan wani surukina, wanda ya sayo mai inci 55 ana gobe Sallah, ya jona ta da tsohuwar dikodarsa ta wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya. Fuskar mai karanta labarai ta fito kamar an shafa mata man shanu. Ya kira mai shagon yana faɗa, shi kuwa ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, akwatinka lafiya lau yake, wace waya ka sa masa?" Gaskiyar mai shagon ce, domin rawayar wayar nan ko HD ba ta iya ɗauka.

To ina ake samun 4K ɗin? Hanya ta farko ita ce tauraron ɗan'adam, kuma a nan sai dikodar da aka ƙera domin haka, irin Explora Ultra ta DStv, wadda ta cikinta aka nuna gasar cin kofin duniya ta 2022 da aka yi a Qatar cikin 4K. Kafin ka saya, ka tambayi wakilin kamfanin wace tasha ce take zuwa da 4K a halin yanzu, kuma a wane rukunin biya take, domin dikoda mai iyawa daban, shirin da ake watsawa daban. Hanya ta biyu, wadda ta fi yalwa, ita ce intanet. YouTube cike yake da bidiyon 4K kyauta, har da na Masallacin Harami da na wuraren tarihi, Netflix kuwa sai wanda ya biya rukunin Premium take bai wa.

Nan ne ya kamata mutumin Kano ya ɗauki biro da takarda. Netflix tana neman gudun intanet na megabit 15 a daƙiƙa domin 4K, YouTube kuma tana ba da shawarar 20, kuma wajibi ne gudun ya tsaya haka, ba ya hau da hantsi ya faɗi bayan isha'i ba. Ka tsaya a daidai inda za a kafa akwatin, ka buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, a wayarka tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare, lokacin da unguwa duka take kan layi, ka maimaita haka kwana uku. Sakamakon da ya fi ƙanƙanta shi ne gaskiyar gidanka. Kano tana cikin biranen da MTN ta fara kawo wa 5G a 2022, amma samunsa ya danganta da unguwa, har ma da ɗakin da ka ajiye rauta, wato na'urar da take raba intanet a gida. Sannan ga cin data: a lissafin Netflix, awa ɗaya ta 4K tana iya cinye gigabait 7, alhali HD ba ta wuce 3. Wanda yake kallon awa biyu kowane dare zai iya ƙone gigabait 420 a wata, ban da abin da yara za su kalla da rana. Idan kuma an ce maka data marar iyaka ce, ka bincika a wane mataki ake rage mata gudu, domin da zarar an rage, hoton zai sauko da kansa ba tare da ya sanar da kai ba. A ganina, wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi kowane wata ba, gara ya sayi Full HD mai inganci da ya sayi 4K mai araha.

Fina-finan da ake tura wa mutane a filashi ma haka ne. An matse su ne domin fuskar waya, kuma fim na awa biyu da bai kai gigabait ɗaya ba, ko me aka rubuta a sunansa, ba zai ba ka hoton 4K ba.

Sai girman akwati da nisan zama, abin da kusan kowa yake mantawa. Idon mutum yana da iyaka, kuma a kan akwati mai inci 55, da zarar ka wuce mita biyu da 'yan kai, da wuya ka bambance 4K da Full HD. A mai inci 43 kuwa iyakar ba ta kai mita biyu ba. Ka auna daga bango zuwa kujerarka kafin ka tafi kasuwa. Mai gidan kallon ƙwallo, wanda bencinsa na ƙarshe yake can nesa, ya fi buƙatar girma da haske a kan yawan ɗigo.

A shago, kada ka tsaya ga rubutun kwali. Akwai akwatunan da aka rubuta musu cewa suna karɓar 4K, ma'ana suna iya buɗe bidiyon, amma fuskarsu ta 1080 ce ko ƙasa da haka. Ka karanta lambar samfurin da take manne a bayan akwatin, ka neme ta a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka tabbatar an rubuta 3840 da 2160. Ka tafi da filashinka mai ɗauke da bidiyon 4K da hoto mai ƙananan rubutu, ka roƙi a fitar da akwatin daga yanayin talla na shago, sannan ka matsa kusa ka duba ko gefen haruffan ya fito tas. Ka duba ko yana karanta HEVC, wato tsarin matse bidiyo da yawancin shirye-shiryen 4K suke zuwa da shi, da kuma HDR10 ko HLG, waɗanda suke sa haske da duhu su fito da zurfi, abin da ido yake lura da shi ko daga nesa. Rasit da takardar garanti kuma kada ka baro su.

Idan an kawo shi gida, waya ɗaya ce ta dace tsakaninsa da dikoda, wato HDMI mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, a kafar da take HDMI 2.0 ko sama da haka, domin tsohuwar 1.4 ba ta wuce hoto 30 a daƙiƙa a 4K, ƙwallo kuwa ta fi kyau a 50 ko 60. Wasu akwatunan sai an shiga saiti an kunna wa kafar cikakken ƙarfinta. A LG sunan wurin HDMI Ultra HD Deep Colour, a sababbin Samsung kuma Input Signal Plus. Idan rauta tana wani ɗaki, ka ja waya daga gare ta zuwa akwatin, domin bangon bulo yana cinye siginar Wi-Fi. Domin ka tabbatar aikin ya kammala, ka buɗe YouTube, ka shiga wurin zaɓen inganci ka danna 2160p, wato 4K, ka bar shi minti goma ka ga ko zai riƙa tsayawa yana juyi.

Wuta ita ce sauran magana. Kada ka jona irin wannan akwati kai tsaye a bango ba tare da sitabilaiza ko na'urar kare shi daga hauhawar wuta ba, kuma idan da inbata kake aiki, ka duba yawan wat ɗin da aka rubuta a bayansa ka haɗa da na dikoda da na rauta. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, a cire soket da wayar dish gaba ɗaya. Da hunturu kuma, lokacin da ƙura take kwanciya a kan komai, a kashe shi a goge fuskar da busasshen ƙyalle mai laushi, ba tare da an fesa mata ruwa ko an danna ta da ƙarfi ba.