Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da lokacin fyaucewa

Batun fyaucewa ya fi tsayawa a kan 1 Tasalonikawa 4:16-17. Bulus ya ce Ubangiji zai sauko daga sama da kira mai ƙarfi, da muryar babban mala'ika, da busar ƙahon Allah, matattu cikin Almasihu su fara tashi, sa'an nan a ɗauke masu rai tare da su cikin gajimare su taryi Ubangiji a sararin sama. Kiristoci ba su saɓa a kan cewa wannan zai faru ba. Saɓanin yana kan yaushe, musamman idan aka auna shi da babban tsanani, wato lokacin wahala na ƙarshen zamani da mutane da yawa ke lissafa wa shekara bakwai. Mai wa'azi ko malamin makarantar Lahadi da bai raba abin da aya ta faɗa da abin da aka ciro daga gare ta ba, nan ne ƙafarsa take fara zamewa.

Kuskure na farko shi ne koyar da ra'ayi ɗaya kamar babu wani. Akwai masu cewa za a fyauce ikkilisiya kafin tsanani ya fara, hujjarsu 1 Tasalonikawa 5:9 da Wahayi 3:10. Akwai masu cewa a tsakiyarsa ne, bayan shekara uku da rabi. Wasu sun ce bayan tsakiya, dab da zubowar fushin Allah, ra'ayin da Marvin Rosenthal ya yaɗa a 1990. Wasu kuma sun ce bayan tsanani, suna riƙe da Matiyu 24:29-31, inda tattara zaɓaɓɓu da busar ƙaho suka biyo bayan wahalar. Katolika da Lutheran da yawancin ikkilisiyoyin Reformed ba sa ma raba fyaucewa da komowar Almasihu, a gare su abu ɗaya ne a rana ɗaya. Gyaran shi ne mai koyarwa ya faɗi matsayin ikkilisiyarsa a fili, ya ce wannan fahimtarmu ce, ga dalilanmu, ya kuma ambaci sauran da hujjarsu mafi ƙarfi, ba mafi rauni ba.

Kusa da wannan akwai kuskuren tarihi. Mutane da dama suna ɗauka koyarwar fyaucewa kafin tsanani ita ce ikkilisiya ta riƙe tun zamanin manzanni. A tsarin da aka san ta yau, John Nelson Darby na ƙungiyar Plymouth Brethren ne ya shimfiɗa ta a shekarun 1830, kuma bayanan gefe na Littafi Mai Tsarki na Scofield, wanda ya fito a 1909, suka kai ta gidaje da makarantun Baibul na Amurka. Ta hannun 'yan mishan da littattafansu ta iso ƙasashenmu. Sabuntar koyarwa ba ta isa ta rushe ta ba, kamar yadda tsufa ba ya tabbatar da ita, amma kada a jingina mata shekarun da ba nata ba. Haka ma masu cewa kalmar fyaucewa ba ta cikin Littafi, gardamar banza ce. Kalmar Helenanci harpazo tana nan a 1 Tasalonikawa 4:17, ma'anarta fizgewa ko ɗaukewa da ƙarfi, kuma daga fassararta ta Latin aka samo sunan Turancin, wato rapture.

Sai lissafin shekara bakwai. Ku nemi inda Wahayi ya ce tsanani shekara bakwai ne, ba za ku samu ba. Abin da ke ciki wata 42 ne (11:2 da 13:5) da kwana 1,260 (11:3 da 12:6), wato shekara uku da rabi idan wata kwana 30 ne. Bakwai ɗin daga Daniyel 9:24-27 ta fito: mako 70 na shekaru, kowane mako shekara bakwai, jimla 490, an kasa su 7 da 62 da 1. Masu bin Darby sun ce 483 sun cika a zuwan Almasihu na farko, makon ƙarshe kuma an ɗage shi zuwa ƙarshen zamani, zamanin ikkilisiya yana tsakani. Wannan tazarar fassara ce, ayar ba ta ambace ta da baki ba, kuma wasu masana suna ganin makon ya riga ya cika a ƙarni na farko. Duk wanda zai zana jadawali a allo, ya nuna wa ɗalibai wane layi ne aya, wane ne haɗi.

Matiyu 24:40-41 ma ana yawan ɗora masa kaya. Biyu a gona, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Ana karanta shi kai tsaye a matsayin fyaucewa, alhali ayoyin da ke sama suna maganar kwanakin Nuhu, inda waɗanda ruwa ya kwashe su ne aka hukunta. Masu ɗaya ra'ayin suna amsawa da cewa kalmar ɗauka a aya ta 40 dabam take da ta aya ta 39 a Helenanci, kuma gaskiya ne. Tun da ayar tana karɓar karatu biyu, ba za ta iya zama ginshiƙin lokaci ba.

Haka ƙahon ƙarshe na 1 Korantiyawa 15:52. Haɗa shi da ƙaho na bakwai na Wahayi 11:15 yana da daɗin ji, sai dai Bulus ya rubuta wasiƙarsa wajen shekara ta 55, Wahayi kuwa yawancin masana suna sa shi wajen 95. Korantiyawa ba su da jerin ƙahoni bakwai a hannu.

Wata kalma da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce tarya. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a 1 Tasalonikawa 4:17 ta sake fitowa a Ayyukan Manzanni 28:15, inda 'yan'uwa na Roma suka fito har Kasuwar Afiyas suka tarye shi suka rako shi gari, kamar yadda ake fita bayan gari a tarbi sarki a shigo da shi. Masu ra'ayin bayan tsanani suna kafa hujja da wannan. Masu ra'ayin kafin tsanani suna nuna Yahaya 14:2-3, inda Yesu ya ce zai ɗauki nasa zuwa wurin da ya shirya. Ayar Tasalonikawa kanta ba ta ce inda aka nufa bayan taryar ba.

Mafi ɓarna shi ne sa rana. Mabiyan William Miller sun jira 22 ga Oktoba 1844. Edgar Whisenant ya sa Satumbar 1988. Ƙungiyar Dami a Koriya ta Kudu ta sa 28 ga Oktoba 1992. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya matsa zuwa 21 ga Oktoba. Hanyar kusan ɗaya ce kullum: a ɗauki wata shekara, sau da yawa 1948 da aka kafa ƙasar Isra'ila, a ƙara tsawon tsara ɗaya, ko a mai da kwana shekara, ko a bi bukukuwan Yahudawa da husufin wata. Matiyu 24:36 da Ayyukan Manzanni 1:7 sun rufe wannan ƙofa, kuma wayon cewa ba a san rana da sa'a ba amma ana iya sanin wata da shekara bai tsira daga kalmar lokatai da zamanai da ke aya ta biyun ba. Idan irin wannan saƙo ya shigo wayarku, ku tambayi daga wace shekara aka fara ƙirga, kuma wa ya ba da izinin farawa daga nan.

A ƙarshe, kada a gauraya tsanani da fushi. 1 Tasalonikawa 5:9 ya ce ba a ƙaddara masu bi ga fushin Allah ba, amma Yahaya 16:33 ya ce a duniya za su sha wahala. Ko masu ra'ayin kafin tsanani na gaske ba sa koyar da cewa mai bi ba zai ga zalunci ba. Faɗa wa ikkilisiyar da ta binne 'ya'yanta cewa za a ɗauke ta kafin wahala ta zo yana bukatar a bayyana wace wahala ake nufi. Wanda kuma ya bar gona ko ya cire yara daga makaranta don jiran ranar, a karanta masa 2 Tasalonikawa 3:10-12, inda Bulus ya umarci masu zaman banza su yi aiki a natse su ci abincin guminsu.